Amsar Wasiƙunku: Tarihin Masu Binciken Giya da Tabar Wiwi a Nijeriya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga Tungar Daji a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara, ya rubuto yana cewa ya ji wai akwai 'yan bokon da ba su da wani aiki sai binciken mashaya giya da tabar wiwi. Yana so ya san ko gaskiya ne, da wanda ya shahara a wannan aiki a Nijeriya, da abin da ya gano, da kuma abin da binciken ya tsinana wa talaka, tunda ga yara nan suna ta lalacewa a ƙauyuka. Wasu 'yan kasuwa daga Gummi da Bukkuyum sun aiko da makamanciyar wannan tambaya, suka ƙara da cewa: shin da gaske wiwi tana haukatarwa?

AMSA: To, Malam mai tambaya, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Abin da ka ji gaskiya ne. Akwai masu wannan aiki, kuma iri biyu ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanci aikin likita, yake duba mara lafiya ya rubuta magani. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam, wanda ba ya allura ba ya tiyata. Shi nasa aikin shi ne gano dalilin da ya sa mutum yake yin abin da yake yi: me ya kai shi ga fara sha, me ya hana shi bari, kuma mutum nawa ne ke cikin irin halinsa. Daga cikin irin waɗannan masana, wanda sunansa ya fi fitowa a Nijeriya kan sha'anin giya da ƙwaya shi ne Farfesa Isidore Obot, wanda ya yi suna tun yana koyarwa a Jami'ar Jos. Amma kafin mu zo kansa, sai mun ɗan koma baya, don a ga inda ya tarar da maganar.

Kafin zuwan masu bincike

Ita dai giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Burkutu da fito da bammi sun riga Turawa zuwa, malamai kuma sun daɗe suna wa'azi a kansu, mawaƙa irin su Mu'azu Haɗeja suka yi musu waƙar gargaɗi. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Burasal na Beljiyam, wadda ta hana shigar da barasar kwalba yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba. A kan haka gwamnatin Lugga ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, alhali a Kudu harajin barasar yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka.

Tabar wiwi kuwa, abin da galibin marubuta tarihi ke faɗi shi ne, ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1945, lokacin da sojojinmu suka komo daga Indiya da Bama, ga kuma ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka Ikko. Ƙasar ta karɓe ta, musamman dazuzzukan Kudu maso Yamma masu yawan ruwa, har Nijeriya ta koma mai nomawa tana fitarwa waje.

Waɗanda suka fara rubutu a kanta likitocin ƙwaƙwalwa ne na asibitin Aro da ke Abekuta. Na farkonsu shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2004. Ya yi karatu a Ingila, ya dawo gida a 1954, ya fito da wani tsari da ya ba duniya mamaki: maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai ya riƙa saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane mara lafiya tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani da rana. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Daga baya ya zama shugaban Jami'ar Ibadan, sannan mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abokin aikinsa Dakta Tolani Asuni ya buga nazari kan matsalar wiwi a Nijeriya a wata mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1964, shi ma Lambo ya buga nasa a 1965.

Sai dai wannan bincike na farko yana da giɓi. Duk wanda waɗannan likitoci suka gani, to an riga an kawo shi asibiti ne, ko kuwa 'yan sanda sun kamo shi. Wanda ya wuni a ƙofar likitan dabbobi zai iya rantsuwa cewa shanun garin duka ba su da lafiya, don kuwa masu lafiyar suna can daji suna kiwo, bai gan su ba. Haka nan ba wanda ya san yawan masu sha a cikin gari, balle a ce ga kaso kaza daga cikinsu da abin ya taɓa wa hankali.

Gwamnati kuwa ba ta tsaya jiran lissafi ba. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta kafa dokar wiwi mai tsananin gaske: wanda ya noma, kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda ya sha kuma shekara 10. A 1975 aka sassauta ta. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda a ƙarƙashinta aka harbe wasu samari uku a Ikko cikin watan Afrilun 1985 saboda safarar hodar ibilis. A 1989 kuma gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48. Kun ga ke nan an yi shekara sama da ashirin ana ta tsananta hukunci ana sassautawa, ba tare da an san girman abin da ake yaƙa ba.

Aikin Farfesa Obot

A cikin wannan hali ne Isidore Obot ya shigo fagen. Mutumin Jihar Akwa Ibom ne. Ya yi digirinsa na uku kan halayyar ɗan Adam a Jami'ar Howard da ke birnin Washington na Amurka, ya ƙara da wani digirin kan lafiyar al'umma a Jami'ar Harvard. A shekarun 1980 da 1990 yana koyarwa a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Jos.

Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne, ya bar ƙofar asibiti ya shiga cikin gari. Hanyar da ya bi, ku 'yan kasuwar hatsi kun fi kowa saninta. Idan za ka sayi buhu ɗari na gero, ai ba ka zazzage su duka. Kana zira hannu ne a wannan, ka tsallake ka zira a wancan, ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, kuma ba ka yarda mai kaya ya zaɓa maka buhun da za ka duba. Haka masu wannan bincike ke yi da gidaje. Ana zaɓen unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a aika ma'aikata masu jin harshen wurin, su yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, ba a rubuta sunan mai amsawa, ba a kai shi ƙara ko'ina. Daga amsar 'yan ɗaruruwa ko dubbai sai a ƙiyasta halin miliyoyi.

Da irin wannan hanya ya buga bincike kan shan taba tsakanin manya a 1990, sannan a 1993 ya fitar da nazarinsa kan yadda ake shan giya a yankin tsakiyar Nijeriya. Aikin ba mai sauƙi ba ne. A Turai ana tambayar mutum kwalba nawa ya sha, a lissafa. A nan kuwa burkutu a ƙoƙo ake sha, ƙoƙon ma ba girmansu ɗaya ba, sau da yawa mutum uku ko huɗu ke zagaya ƙwarya guda, kuma ƙarfin na wannan gida daban da na wancan. Ga kunya, ga tsoron kada mai tambayar ya zama ɗan leƙen asirin hukuma. Obot ya yi rubutu a kan wannan matsala ta awo ita kanta, don in ma'auni ya karkace, duk abin da aka auna da shi ya karkace.

Babban darasin da ya fito daga irin waɗannan nazarce-nazarce, wanda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙarfafa, shi ne: a ƙasashe irin namu masu ƙin shan giya sam suna da yawa ƙwarai, amma waɗanda ke sha ɗin, da yawansu sukan sha ne su yi tatil a zama guda. Irin wannan sha shi ke kawo haɗarin mota, da faɗa, da dukan iyali, da cinye kuɗin cefane. Saboda haka a ce gari kaza mashayansa kaɗan ne, wannan bai nuna ɓarnar kaɗan ce ba.

A 1990 ya kafa wata cibiya a Jos ta bincike da yaɗa bayani kan kayan maye, wadda ake kira CRISA a taƙaice. Daga baya ta koma Uyo. Cibiyar ta riƙa tara masana da likitoci da jami'an hukuma a taruka, a shekarar 2000 kuma ta fara buga mujallar Afirka ta nazarin giya da ƙwaya, don masu binciken nahiyar su sami inda za su baje abin da suka gano, ba sai sun jira Turawa sun yi magana da bakinsu ba. Ya kuma ja hankali kan yadda kamfanonin giya ke farautar matasa ta hanyar talla, da ɗaukar nauyin wasanni da casu, da gasar cin kyauta.

Daga Jos ya tafi hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeniba, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da kayan maye. A can ne a 2005 shi da wani masani mai suna Robin Room suka shirya littafi kan bambancin shan giya tsakanin maza da mata a ƙasashe masu tasowa. Ya koyar a Jami'ar Morgan da ke Baltimore a Amurka, sannan ya dawo gida Jami'ar Uyo. Yana cikin masanan duniya da suka haɗu suka rubuta wani littafi a 2010, wanda ya auna hanyoyin da gwamnatoci ke bi wajen yaƙi da ƙwaya, ya ware waɗanda bincike ya nuna suna aiki da waɗanda kuɗi kawai suke ci.

Babban ƙidayar 2018

Aikin da ya fi shafar masu tambayarmu kai tsaye shi ne babban binciken ƙasa baki ɗaya, wanda aka fi sani da na 2018, aka ƙaddamar da rahotonsa a watan Janairun 2019. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyar CRISA ne suka gudanar da shi, da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da kuɗin Tarayyar Turai. An shiga gidaje kusan dubu 39 a jihohi 36 da Abuja, aka kuma zauna da mutum sama da dubu tara waɗanda suka yi nisa a shaye-shaye, irin waɗanda ba a samun su a gida sai a tasha da kango da bayan kasuwa.

Ga abin da aka samu. Mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari, wato kashi 14.4 cikin 100. Wannan ya ninka matsakaicin na duniya fiye da sau biyu. Masu shan wiwi miliyan 10.6 ne. Masu shan ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. Cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce, cikin kowane biyar kuma ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta. A shiyyar Arewa maso Yamma an sami kashi 12 cikin 100, wajen mutum miliyan uku. Kano ce kan gaba da kashi 16, Zamfara na bi mata da kashi 13.5.

Jama'ar Zamfara, a tsaya a dubi wannan adadi da kyau. Tun watan Janairun 2000 da shari'ar Musulunci ta fara aiki a jihar aka rufe gidajen giya. Amma shekara goma sha bakwai bayan haka, kusan mutum ɗaya cikin bakwai na masu jini a jika yana taɓa wani abin. Kwalba ta ɓuya, ƙwaya da ganye da ruwan tari suka cike gurbin, don su ba su da wari mai tona asiri irin na giya, kuma suna shiga aljihu. Da yawa ma ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan ƙwadago ne ke son ya yi noman kwana biyu a kwana ɗaya, ko mai haƙar zinariya da ke son ya daɗe a rami, ko ɗan acaɓa da ke son kada barci ya ɗauke shi. Ranar farko ƙwaya ɗaya ta isa, bayan wata biyu sai uku, daga nan kuma in bai sha ba ko fartanya ba ya iya ɗagawa.

Shin wiwi tana haukatarwa?

Amsar da bincike ya bayar ita ce: ba duk mai sha ke haukacewa ba, amma tana ƙara haɗarin sosai. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta, mai suna THC, wasu masana ne a Isra'ila suka fara ware shi a 1964. A 1987 aka buga wani bincike daga ƙasar Suwidin, inda aka bi sawun samari kimanin dubu 45 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau hamsin, an tarar haɗarin kamuwarsu da babban ciwon taɓin hankali ya ninka na marasa sha wajen sau shida. Binciken da ya biyo baya ya nuna abu uku ne ke ƙara tsananta haɗarin: farawa da ƙuruciya, sha kullum, da kuma kasancewar akwai mai irin ciwon a dangi. An kuma ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na masu gwada ta sukan kamu har su kasa bari, ga wanda ya fara tun yana ɗan saurayi kuwa, ɗaya cikin shida. Giya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a shekarar 2019 kaɗai.

Amfanin binciken ga talaka

Malam mai tambaya, ku mutanen Tungar Daji ba sai an yi muku dogon bayani kan amfanin bincike ba. A 2010, lokacin da ƙananan yara ke ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kowa da abin da yake faɗi, wani ya ce zazzaɓi, wani ya ce sanƙarau, wani ya ce iska. Sai da ƙungiyar likitocin MSF da sauran masana suka ƙirga kaburbura, suka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida, sannan aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Amma da aka san sunan cutar, aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji da sauransu, aka ba yara magani, mutuwar ta ragu ƙwarai. Abin da masu binciken shaye-shaye ke nema ke nan: a san cutar da girmanta, kafin a ce ga maganinta.

Kuma binciken ya fara sauya tunanin masu mulki. A 2014 wani kwamiti na Afirka ta Yamma da marigayi Kofi Annan ya kafa, ƙarƙashin shugabancin Cif Obasanjo, ya ba da shawarar a tsananta wa manyan dillalai, shi kuwa mai sha a ɗauke shi mara lafiya mai bukatar magani. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya. Sai dai binciken na 2018 ya nuna cewa cikin waɗanda suka yi nisa, kusan kashi 40 cikin 100 suna son a yi musu magani, amma tsada da nisa da tsoron gori sun tare musu hanya. Wannan giɓi har yanzu mutanen karkara ne suka fi jin jikinsa.

Don haka ga abin da za mu ce wa iyaye. A sa ido tun yaro yana ƙarami, domin kowace shekara da aka jinkirta farawarsa riba ce. Idan an ga barcinsa ya sauya, abokansa sun sauya, kuɗi ko hatsi na ɓacewa a gida, a zaunar da shi a yi magana tun kafin a kai ga duka. Mari da sarƙa ba sa cire ƙwaya daga jini, kuma a 2019 duk mun ji irin halin da aka tarar da ɗaruruwan mutane a ciki lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, kada a yanke masa rana ɗaya ba tare da ma'aikacin lafiya ba, don yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya har ta kai ga rasa rai. Tiramol mai yawa ita ma tana kawo farfaɗiya. Wanda ya fara jin muryoyi, ko yana zargin kowa na neman kashe shi, a yi masa addu'a kuma a gaggauta kai shi asibiti. A fara da babban asibitin da ya fi kusa don a ba da takardar turawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai kuma na Dawanau a Kano. Idan ya warke ya dawo, a ba shi gona ko jari ko sana'a, kuma in ya sake zamewa a sake mai da shi, don komawa ruwa yana cikin halin wannan cuta.

Ku kuma 'yan kasuwa, musamman masu kemis da masu tallar magani a ranar kasuwa, ku tuna yaron da kuka sayar wa yau, gobe shi ne maƙwabcin rumfarku ko mai neman auren 'yarku. Idan kuma wata rana ma'aikatan ƙidaya irin wannan suka zo ƙauyenku da izinin hakimi da dagaci, a ba su amsa ta gaskiya, domin da wannan lissafin ake yanke shawarar inda za a kai asibiti da ma'aikata.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma yadda za su karantu.